Azuzuwa Shida a Takarda, Huɗu a Ƙasa

Idan za a ba da kwangilar gina azuzuwa, 'yan kwangila ne ke fafatawa, a zaɓi wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Haka Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007 ta tanada, kuma ta shafi duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗinsa ya fito daga asusun Tarayya. Tunda UBEC ce ke zuba rabin kuɗin ayyukan haɗin gwiwarta da jihohi, azuzuwanmu na ciki. Sai dai a bainar jama'a ake buɗe takardun takarar, gyaran da ke biyo bayan sa hannu kuwa a ofis ake ƙulla shi.

Ba kowane gyara ne ha'inci ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, siminti da rodi da kwanon rufi sun yi tashin gwauron zabi. Ɗan kwangilar da ya yi lissafinsa kafin lokacin yana da haƙƙin a sake duba masa.

Wanda ke damunmu shi ne mai karya farashi da gangan don ya kayar da abokan takara, yana sane cewa zai dawo a ƙara masa. Mafi muni, wani lokaci kuɗin na nan yadda yake, aikin ne ke raguwa: azuzuwa shida su koma huɗu, a cire silin, a soke bayan gida, a ce bencina sai wani zagayen. Mu da ke tsayuwa gaban allo mun san fassarar wannan. Yaran azuzuwa biyun da aka soke suna nan, an dai cusa su cikin sauran. Ajin da ba silin, da bazara kwano ya gasa yara, da damina ƙarar ruwa ta danne muryar malami. Inda babu bayan gida kuwa, 'yan mata da suka fara girma ne ke fara ɗauke ƙafa.

Abin takaici, sau da yawa shugaban makaranta bai taɓa ganin takardar aikin ba, amma shi ake miƙa wa makullai ranar buɗewa.

Muna kira ga shugabannin reshenmu su nemi a riƙa bai wa shugaban makaranta da kwamitin SBMC kwafin kwangilar farko, da na kowane gyara tare da dalilinsa a rubuce. A kuma sabunta allon da ake kafawa a bakin gini duk lokacin da kuɗi ko yawan azuzuwa ya canza, domin iyayen yara su karanta da idonsu.