Wiwi: A Gina Katanga Kafin a Buɗe Ƙofa

Duk lokacin da batun halatta noman wiwi ya taso a Najeriya, sai muhawara ta rabu gida biyu. Masu goyon baya, irin su marigayi Rotimi Akeredolu, tsohon gwamnan Ondo, suna hango kuɗin shiga da masana'antar magunguna. Hukumar NDLEA, ƙarƙashin Buba Marwa, tana hango matasan da shaye-shaye ya lalata. Kowane ɓangare yana da hujja, sai dai an bar babbar tambaya a baya: wa zai sa ido, kuma da wane ƙarfi?

Amfanin ganyen a fagen magani ya tabbata a wasu cututtuka. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, maganin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara, wanda aka haɗa da CBD, sinadarin wiwi da ba ya sa maye. A Disamban 2020 kuma hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni mafi tsauri na yarjejeniyar 1961. Abin da ya rage wa kowace ƙasa shi ne tsari, kuma ƙasashe biyu sun isa misali.

A Yunin 2022 Tailan ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi da sunan magani, alhali ba ta kammala dokar da za ta tafiyar da cinikinsa ba. Cikin ɗan lokaci dubban shaguna suka buɗe, iyaka tsakanin maras lafiya da mashayi ta ɓace. A 2025 dole gwamnati ta dawo da sharaɗin takardar likita, bayan 'yan kasuwa sun riga sun zuba jari.

Maroko, ƙasar Musulmi masu bin mazhabar Malikiyya, ta fara ne da doka a 2021, sannan ta kafa hukuma ta musamman. Ta taƙaita noman ga larduna uku na yankin tsaunukan Rif, ta wajabta lasisi, ta kuma sa manoma shiga ƙungiyoyin gama kai waɗanda ke sayar wa kamfanoni masu izini. Shan wiwi don maye yana nan a haramce.

Najeriya ma tana da nata darasin. Maganin tari mai kodin halastacce ne, kamfanoni masu lasisi ke yin sa, amma ya sulale daga hannun dillalai ya cika unguwannin Kano da wasu biranen Arewa, har gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Ƙasar da kwalbar da ke da lambar rajista ta gagare ta, da wuya ta iya ƙidaya buhunan gonar da ke tsakiyar daji.

Haramcin ma bai yi abin da aka zata ba. Tun 1966 akwai doka mai tsanani kan wiwi, amma binciken da aka gudanar tare da ofishin UNODC ya nuna cewa mutum miliyan 10.6 sun sha shi a shekara guda, bisa alƙaluman 2018.

Saboda haka ya kamata a bi mataki-mataki. A fara da barin NAFDAC ta yi wa magungunan da aka tabbatar rajista, a riƙa ba da su a manyan asibitoci da takardar likita. A mayar da wanda aka kama da ɗan ƙullin sha zuwa cibiyar gyaran hali, a bar kurkuku ga dillalai. Lasisin noma ya zo a ƙarshe, bayan an samu dakunan gwaji masu auna sinadarin maye, da rajistar da ke bin kowane buhu daga gona zuwa masana'anta. Yaron da farfaɗiya ke kayarwa bai kamata ya jira a gama gardamar gonaki ba.