Shuɗiyar Tawada da Takardun da Muke Gudu da Su

A makon nan mun gwada wata shuɗiyar tawada mai duhu, irin wadda ake ɗura wa alƙalami mai shan tawada. Launinta kamar rawani ɗan Kura, tana tafiya sumul, sai dai a littafin makaranta mai arha tana hudawa ta fito ta baya. Da rubutun ya bushe muka ɗiga masa ruwa. Nan take ya baje, ko harafi ɗaya bai karantu ba.

Wani zai ce ina abin damuwa, tunda kowa a waya yake rubutu? To, mu 'yan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, namu ukun duk suna ciki. Watanni aka kwashe, wanda ya ajiye labarinsa a intanet sai ya yi tafiya kafin ya ga abinsa. Takarda ce ta rage.

Kuma a wurinmu takarda ba ta zama lafiya a cikin akwati. Idan aka tashi ƙauye da dare, takardar cinikin gona da ta rabon gado da lissafin bashin taki a aljihu ko a ƙullin zani suke bin mutum har Funtua, wataƙila ana tsakiyar damina. Ranar da aka dawo, shaidu sun watse, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wani ya ci iyakar gona. Me za a nuna wa mai gari ko alƙali? Shuɗin tabo? Haka ma sunayen waɗanda aka kashe da ranakun da abin ya faru, da wasunmu ke tarawa a littafi.

Yawancin shuɗiyar tawadar kwalba rini ce kawai a cikin ruwa, shi ya sa ruwa ke kwashe ta. Mai daɗewar ita ce mai sinadarin ƙarfe: tana fara fita shuɗiya, iska na bugun ta tana ƙara duhu, ta kama takarda. Wannan ilimi kuwa ba baƙonmu ba ne. Malaman da ke rubuta Alƙur'ani da hannu sun san jiƙa 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera, a sa ƙaro. Tawadar allo daban, ita don a wanke aka yi ta.

Kada dai wani ya ɗauki zumuɗi ya ɗura haɗin gida a alƙalamin zamani, ƙaro zai toshe shi. Nata alƙalamin na kara ne ko gamba. Ƙarfen ma idan ya yi yawa, cin takarda yake yi bayan shekaru.

A ganinmu, waƙa da wasiƙar soyayya a rubuta su da kowace tawada ta burge. Amma takardar da haƙƙin marayu ke ciki, a gwada tawadar da ɗigon ruwa tukuna. In ta baje, gara biro na gama-gari, shi ruwa bai cika ɗaga shi ba. Wanda kuma ya san malamin da har yanzu ke haɗa ta bagaruwa a yankinmu, don Allah ya tambayo mana ma'auninta da kwanakin jiƙonta.