Littafin da aka hana ka ja wa layi ba naka ba ne

Duk kamfanin da ya sayar maka da manhaja, ya haɗo maka da littafin bayaninta a kulle, ba damar ka ja wa jimla layi, ba damar ka rubuta ko kalma ɗaya a gefe, to ya raina maka hankali. Ba ni da wani suna mai taushi da zan kira abin. Kuɗinka ya karɓa cif-cif, sannan ya hana ka taɓa abin da ka biya.

Matsalar ba ta manyan ofisoshin cikin Abuja ba ce kaɗai. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan a 2015, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura kowa wajen masu POS, aiki da manhaja ya shigo har ƙananan shagunan Yangoji, nan ƙaramar hukumar Kwali, a bakin titin Abuja zuwa Lokoja.

A wani shagon magani na ga abin da ya ƙona mini rai. Mai shagon ya sayi manhajar lissafin kaya. Wanda ya saka ta ya yi bayani a tsaitsaye, ya tura littafin ta WhatsApp, ya hau mota ya koma. Turanci zalla, shafuka rututu. Na tarar da yarinyar da ke tsaron shagon, waya a hannun hagu, biro a na dama, tana kwafe matakan cire maganin da ya lalace daga lissafi a bayan wani kwali. Ta ɗora yatsa a kan layin don ta shafa masa launi, fayil ɗin ya ƙi. Mutane na tsaye, wani dattijo na cewa, "'Yata, ki sallame mu mana, mara lafiya na gida." Gobe in kwalin nan ya ɓata, sai ta sake lalube daga shafin farko. Laifin me ta yi?

Kada wani ya ce fasahar ce ba ta kai nan ba. Ƙarya ce. Kamfanin Adobe ya fito da tsarin PDF tun 1993, kuma a 2008 tsarin ya zama ma'aunin duniya, buɗaɗɗe ga kowa. Shafa launi, jan layi da maƙala bayani duk suna cikinsa, kuma Acrobat Reader da Microsoft Edge suna yin su kyauta. Hanin daga mutum yake fitowa: wani ne ya zauna da gangan, ya sa kalmar sirri, ya toshe izinin yin rubutu. Wani kuma hoton shafukan kawai yake ɗauka ya tara, ta yadda ko kalma ba ka iya nema a ciki. Na uku ya ajiye bayanin a intanet kaɗai, sabis na ɗaukewa littafi ya tafi, data na ƙarewa karatu ya ƙare.

Hujjarsu wai kada a gurɓata musu rubutu. Haba! Alamar da mai karatu ya sa daban take zaune a saman shafi, ba ta canza harafi ɗaya na asali, kuma ana iya share ta. Wai kuma kada a sace musu littafi. To, makullin bai hana kowa tura fayil ɗin ga mutum ɗari ba. Ɓarawo ya wuce abinsa, mai gaskiya aka ɗaure.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu aka yi wa wannan, mu da karatunmu ya ginu a kan rubutun gefe. Wanda ya zauna a zauren malami a Kano, Zariya ko Sakkwato ya san tsofaffin kwafin Risala da Muhtasar: layuka a wawware, tsakaninsu ɗalibi ya cika da fassarar ajami, gefe kuma bayanin malami. Dardir ya yi wa Muhtasar Halil sharhi, Dasuƙi ya zo ya yi wa sharhin hashiya, ita ma ta zama littafin da ake karantawa har yau. Marubutan Alƙur'ani namu suna rubuta baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ruwan ɗorawa, don ido ya bambance nan take. Je ka Arewa House a Kaduna ka ga irin waɗannan takardu. Magabatanmu sun san ilimi ba ya zama sai mai koyo ya sa hannunsa a kai. Yau kuma a ce jikarsu mai tsaron shagon nan ba ta isa ta rubuta "nan za ki fara dannawa" da harshenta ba?

Wannan ɗan rubutun ba ƙaramin abu ba ne a yankin da Bagwari, Bassa, Bahaushe da Bafulatani ke aiki da littafin da ba a rubuta da harshen ko ɗayansu ba. Tun da ba a fassara mana ba, a bar mu mu fassara wa kanmu, layi bayan layi, wanda ya bar aiki ya bar wa na bayansa.

Saboda haka ga buƙatata. Hukumar NITDA ta sa sharaɗi: duk manhajar da za a sayar wa gwamnati, littafinta ya zo a buɗe, ana iya nema a cikinsa, ana iya karanta shi ba sai da intanet ba. Hukumar NERDC da ke Sheda, nan kusa da mu, ta tabbatar darasin kwamfuta ya koya wa yara sa alama da rubuta bayani a fayil, ba buga haruffa kawai ba. Ku kuma 'yan kasuwa da shugabannin makarantu, kafin ku biya ko sisi, ku ce a buɗe littafin a gabanku, ku ja layi da hannunku. In ya ƙi, ku riƙe kuɗinku, mai manhaja ya koma ya cire makullinsa.