Gyaran Hilux ma sai Kano?

Jama'a, duk wanda aiki ke kai shi ƙauyukan Baure, Zango ko Sandamu da damina ya san ƙaramar mota ba ta shiga. Nan yashi, can taɓo. Sai Hilux ko babur. To tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, naira kuma ta faɗi, hayar Hilux ta yini ɗaya ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci irina.

Ni dai ban ga laifin masu motocin sosai ba. Giya ta samu matsala, kayan gyara sai Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokaci har bakaniken sai an ɗauko shi daga can. Kuɗin hanya, kuɗin kwana, duk a kan mai haya suke ƙarewa, ko majinyacin da aka ɗauko daga ƙauye cikin dare.

Ga Jami'ar Sufuri a Daura, ga Foliteknik ta Tarayya. Me zai hana su buɗe gajeren kwas na yamma domin kanikawanmu na gareji, a koya musu aiki da na'urar gano matsalar mota? Wallahi yaran nan suna da hannu, kayan aiki ne ba su da shi.