Haƙƙin Kiranye

Malam Edita,

Ina roƙon fili in tunatar da 'yan'uwana na Birnin Kudu da Gwaram wani haƙƙi da tsarin mulkin 1999 ya tanadar, amma galibinmu muka jahilce shi, wato kiranye. Sashe na 69 da na 110 sun hukunta cewa idan jama'a suka yanke ƙauna daga wakilinsu, na Abuja ne ko na majalisar Dutse, muddin fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu a takardar koke, wajibi ne hukumar zaɓe, bayan tantancewa, ta gudanar da ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.

Haƙiƙa sharaɗin yana da nauyi, domin an jarraba shi a kan Sanata Dino Melaye a 2018, bai kai gaci ba. Duk da haka, manomin da ya sha rana a layi ya dangwala yatsa, sa'an nan bai sake ganin wakilinsa ba sai ranar rabon atamfa da taliya, ya cancanci malamai da 'yan jarida su fassara masa sassan nan da harshensa.

Wassalam,
Wani mai karatu, Gwaram