Filin Wasanni: Yadda ake shirin gudun maraton

Maraton gudu ne na dogon zango. Tsawonshi kilometir 42 da metir 195. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyar Tawa zuwa Birnin Ƙonni. Ɗan Nijar Abdu Manzo ya yi wannan gudu a wasannin Olampik na 1988 da na 1992.

Samarin Barmu masu zuwa cin rani Legas suna iske irin wannan gasa can. Tun shekarar 2016 ake yin ta, yawanci cikin watan Fabarairu. Wanda ke da niyyar shiga, sai ya fara shiri tun gida, da an gama kai hatsi rumbu. Shirin yana cin wata huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Makiyayi ya saba bin bisashe wuni guda, manomi ya saba da hauya. Wannan jari ne babba. Amma tafiya daban, gudu daban. Mai shiri zai yi gudu kwana uku ko huɗu cikin mako, da asuba, kafin rana ta ɗaga. Rana ɗaya cikin mako zai yi dogon gudu a hankali. Kowane mako sai ya ƙara tsawon kaɗan. Tunda gasar bisa kwalta ake yin ta, ya kamata ƙafa ta saba da ƙasa mai tauri, kada ta tsaya ga rairayi kaɗai.

Inda samari sunka fi kuskure shi ne ƙarshen shiri. Suna tsammanin in gasa ta matso sai a ƙara wahala. Ba haka ba ne. Gudu mafi tsawo, kamar kilometir 30, ana yin shi saura mako uku. Daga nan sai a dinga ragewa. Makon ƙarshe ɗan gudu kaɗan ya isa, sai barci mai yawa. Dalili kuwa, dogon gudu yana raunana naman ƙafa, cikin hutu ne yake warkewa ya yi ƙarfi. Mai raƙumi ma ba ya gajiyar da shi jajibirin tsere.

Saura kwana uku, a yawaita tuwo da fura da shinkafa da dankali. Su ne guzurin da jiki ke ajewa. Wanda bai cika wannan rumbu ba, ƙarfi na yanke mashi wajen kilometir 30. Ranar gasa a ci abinci marar nauyi awa uku kafin tashi. Kada a ci abin da ciki bai sani ba. Kada a sa sabon takalmi, don yana fasa ƙafa.

Ruwa kuma a kurɓa kaɗan-kaɗan bisa hanya, kada a cika ciki. Zufa na fita da gishiri. Don maida shi, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litir ɗaya na ruwa mai tsabta.

Akwai abin da ke kashe mai gudu. Wanda ke da zazzaɓi kada ya shiga, ko da ya yi wata huɗu yana shiri. Ƙwayar tiramol tana ɓoye ciwo har jiki ya lalace, kuma dokar wasanni ta hana ta. Wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko kanshi ya ruɗe, ya tsaya nan take. A kai shi inuwa, a zuba mashi ruwa ga jiki, a nemi likita. Gasa tana dawowa baɗi.

Kafin fara shiri, kowa ya je gidan likita a auna hawan jininshi, a saurari zuciyarshi.