Kufan Ganuwa a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Ran nan a ajin tarihi aka nuna mana hoton wani gidan yaƙi na dutse da ke kan iyakar Ingila da Wales, sunansa Chepstow. An soma gininsa a 1067, shekara guda bayan da Normawa suka ci Ingila, aka kafa shi bisa wani tsauni a gaɓar kogin Wye don a tsare mashigi. Duk muka yi ta al'ajabin kaurin bangonsa. Da aka tashi sai wani ɗan'uwanmu ya ce, ai mu ba mu da irin wannan, kakanninmu ba su bar mana kome ba sai labari. Wannan magana ita ta sa muka ɗauki alƙalami, gama mu da muka fito daga wajajen Boɗinga da Shagari ba mu yarda da ita ba.

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambawal da Jega, to, cikin tsakiyar tarihi yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya baro Gwandu, yana karantarwa, har 1815 da ya koma Sakkwato. Yana nan zaune ne a 1812 ya raba al'amuran mulki, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi. Shi kuwa Malam Abdullahi Boɗinga ce mazauninsa, kusa da Sifawa, bai koma Gwandu ba sai bayan rasuwar Shehu a 1817. Watau akwai lokacin da rabin daular nan daga Boɗinga ake juya shi. Gaba kaɗan ga Yabo, garin Muhammadu Moyijo, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabi. Sa'an nan ga Shagari da Magajinta, inda aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, wanda ya yi karatun malanta kamarmu kafin ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Tun daga 1849, da Kabawa suka tayar a ƙarƙashin Yakubu Nabame suka tsaya a Argungu, garuruwan yamma suka zama na bakin daga, ba su huta ba sai da Turawa suka zo. Mutanen da ke noma a irin wannan wuri lalle ne su san dabarar tsare kansu. Dabarar kuwa Sarkin Musulmi Bello ya riga ya shimfiɗa ta, ita ce ribaɗi: a kafa gari mai ganuwa a kan iyaka, a sa masa shugaba da liman da alƙali, a zaunar da makiyaya su koyi noma da karatu, su zama su ne katanga. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya zauna, can ya rasu a 1837.

Ginin ganuwa ba ƙaramin ilmi ba ne, ko da yake mun saba raina shi don da ƙasa aka yi. Inda aka haƙi ƙasar nan ne ke zama gwalalo, saboda haka aiki ɗaya ya ba da kariya biyu. Akan cuɗa ƙasar da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a mulmula tubali, a jera su gindi na ƙasa, a shafe da laka. Gindin bango da faɗi, yana tashi yana tsukewa, don nauyinsa ya zauna bisa kansa. Ta ciki akan bar matakar da maharba za su tsaya, ta waje kuwa a bar sarƙaƙiya ta yi duhu, doki ba ya ratsa ta. Ƙofa kamar zaure take, mai zurfi, an rufe ta da azarar giginya wadda gara ba ta ci da sauƙi, ba ta kuwa da faɗin da mahaya za su kutsa gaba ɗaya. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne filin da akan bari a ciki, da rijiyoyi da 'yan gonaki da wurin dabbobi. Gidan yaƙin Normawa don mai sarauta da dakarunsa aka gina shi, talaka yana waje. Ganuwa kuwa har akuyar tsohuwa takan kwana a cikinta.

Ba mu ce kome na da zuma ne ba. Yaɓen ganuwa kowace shekara bayan damina aiki ne mai nauyi, talakawa da bayi suka ɗauke shi, an kuma zaunar da bayi da yawa a ribaɗai ba da sonsu ba. Har wa yau in ka je Argungu za ka ji labarin yaƙoƙin nan ta wata fuska dabam. Mai neman tarihi sai ya saurari duka biyu.

To, ina laifin yake? Ƙasa ba dutse ba ce, tana son hannu kullum. Tun da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 aka daina yaɓe, ruwa ya yi nasa, mai neman ƙasar gini ya yi nasa, manomi ya baje saura, hanyar mota ta ratsa. Masu cewa laifin ƙasa ne, su tuna da yawa daga gidajen yaƙin farko na iyakar Wales tulin ƙasa ne kawai da shingen itace. Itacen ya ruɓe tun tuni, amma an auna tulin, an zana taswirarsa, an kafa dokar hana haƙa shi. Haka kuma ganuwar da Sarki Offa ya ja a wannan iyaka cikin ƙarni na 8, ƙasa ce da gwalalo, har yau ana bin ta da ƙafa. Kuma ma in dutse ake so, ga Surame ta Kanta nan cikin jiharmu tun ƙarni na 16, mu nawa ne a kwalejin nan muka taɓa zuwa?

Ba mu roƙon a sāke gina ganuwa, ba mu kuwa ga dalilin hana matalauci ƙasar da zai gyara ɗakinsa ba in ba a nuna masa wani kududdufi ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Hakimai da masu unguwanni su keɓe guntu guda a kowane gari inda alama ta saura, a ce nan ba a haƙa. Mu kuma 'yan makaranta, hutun nan mai zuwa, kowa ya tafi garinsu da littafi da igiyar awo. Ya nemi dattijo mafi tsufa, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi su zaga tare: ina ganuwa ta bi, ƙofofi nawa ne, mene ne sunan kowace, wace unguwa ke yaɓen wane sashe, ina rijiyar da aka dogara da ita. Ya auna abin da ya tarar, ya rubuta sunan wanda ya gaya masa da ranar da ya ji. Malamanmu na tarihi da na labarin ƙasa su duba, a ajiye a ɗakin karatu.

Mu na Boɗinga mun ɗauki Sifawa da cikin gari, na Shagari za su haɗa da Yabo. Wanda ke so ya shiga, ya ba da sunansa ga editan shafukan nan kafin a tashi hutu.